Kama tafiyar baɗi tun kana cikin jirgin ruwa: lissafin mai fasfon Nijar

Kowane babban jirgin ruwan shaƙatawa, irin masu tashi daga Barsalona, Marsai, Jenowa ko Dubai, yana da wani ɗan biro a hawan da jama'a suka fi kai-komo, yawanci kusa da teburin karɓar baƙi. Ma'aikaci ɗaya ko biyu, kwamfuta, taswirar teku a bango, sai tulin littattafan talla. Kwanakin farko kujerun wurin hutawa suke yi. Ranar jajibirin sauka kuwa sai ka ga layi kamar na banki ran da albashi ya faɗo. Aikin biron guda ne: ya sayar maka da tafiya ta gaba tun ba ka sauka daga wannan ba.

Mutanenmu na Yamai da ke shiga irin wannan jirgi ba su da yawa, amma suna nan: ɗan kasuwar da ya je Dubai ko Istambul ya ƙara mako guda na hutu, ma'aikacin ƙungiya, iyalin da ke da ɗa ko ƴa a Turai. Tun Disamban 2024 kuma Saudiyya ta fara tada nata jirgin, AROYA, daga Jidda, abin ya ƙara matsowa kusa da mu. Duk wanda ya shiga sai an yi masa wannan tayi, ko ta takardar da ake turo masa ƙarƙashin ƙofar ɗaki, ko ta sanarwa a lasifika. A ganina tayin yana da amfani, amma an ɗinka shi ne daidai jikin mutumin da ke zaune awa uku daga tashar jirgi, wanda ba ya neman biza. Mu ƙasarmu ba ta da teku, hanyarmu ta fi tsawo, lissafinmu ma daban ne.

Ga abin da ake bayarwa. Na farko, ana rage kafin alƙalami. Maimakon ka ajiye kaso mai nauyi na kuɗin tafiya, sai a karɓi ɗan kaɗan a riƙe maka gurbi. Na biyu, ana yi maka gyara, kamar yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu bayan kun gama ciniki: wani adadin kuɗi da za a zuba a asusun ɗakinka ka kashe a cikin jirgi. Wani lokaci akwai ragin farashi. Kowane kamfani da sunan da yake kiran nasa. Royal Caribbean na kiran biron NextCruise, gyaransa yakan kai dalar Amurka 600 a ɗaki, amma wannan adadi na doguwar tafiya ne a ɗakin alfarma, mai kwana bakwai a ɗaki na ciki ɗan kaɗan yake samu. Norwegian na sayar da takardar CruiseNext: ka biya dalar Amurka 250, a ba ka 100 ka kashe nan take a tafiyar da kake ciki, takardar kuma ta yi shekara 4 tana aiki. Disney na karɓar dalar Amurka 250 ya riƙe maka gurbi, da ragin kashi 10 cikin 100, muddin ka yi tafiyar cikin wata 24, ban da wasu ranakun hutu da ya keɓe. MSC da Costa, waɗanda su ne mutanenmu suka fi shiga saboda Bahar Rum da Dubai, su ma suna da nasu mai ba da shawara a jirgi. Sharuɗɗan nan sukan canza, abin da ke rubuce a takardar ranar shi ne hujja. Na dinga cewa dalar Amurka da gangan, kar wani ya ɗauka dalarmu ta sefa biyar nake nufi.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne ciniki iri biyu ne ke kan teburin nan, kuma ma'aikacin ba lalle ya rarrabe maka su ba in ba ka tambaya ba. Akwai wanda za ka zaɓi jirgi, rana da lambar ɗaki nan take. Akwai kuma takarda buɗaɗɗiya: ka ajiye kuɗi yanzu, ka zaɓi tafiya daga baya cikin wa'adin da aka yanka. Gyaran na farkon yakan fi tsoka, shi ya sa ake tura mutane can. Ga mai fasfon Nijar kuwa, na farkon sau da yawa cinikin biri a sama ne, domin ranar da ka zaɓa ba a hannunka take ba, tana hannun ofishin jakadanci.

Bari mu tsaya a kan biza, nan ne kuɗin mutane ke nutsewa. Jirgin da ke yawo tsakanin Spain, Faransa, Italiya da Malta yana buƙatar bizar Shengen, wato biza guda da ke shigar da mutum yawancin ƙasashen Turai. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, wato sefa jaka 59 da ƴan canji, kuma ba a mayarwa in an hana ka. Sai inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Doka ba ta yarda ka shigar da takardu fiye da wata 6 kafin tafiya ba, amsa kuma takan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45. To kamfanonin jirgi suna neman cikon kuɗi tun da sauran lokaci: Norwegian kwana 120 kafin tashi, Royal Caribbean kwana 90 ga tafiyar mako guda. Daga wannan rana tara take fara hawa, tana ƙaruwa har ta cinye kuɗin gaba ɗaya a makonnin ƙarshe. Auna ka gani: tsakanin ranar da aka halatta maka neman biza da ranar da za a ce ka cika kuɗi, wata biyu zuwa uku ne kacal. In randebu ya yi wuyar samu, za ka biya miliyan kafin ka san ko za a bar ka ka shiga Turai. Hana biza kuma ba uzuri ba ne a wurin kamfanin jirgi. A yarjejeniyarsu takardun tafiya nauyin fasinja ne, wanda ya iso tasha ba biza a bakin ƙofa ake barinsa, ba a mayar masa da ko dala.

Ga kuma halin da ake ciki a Yamai. Ofishin jakadancin Faransa ya rufe tun Janairun 2024, Air France ta daina zuwa tun Agustan 2023. Doka ta ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita ke ba ka biza, in kwanakin sun yi daidai kuma ƙasar da za ka fara shiga. Saboda haka tashar da jirgi ke tashi ba ƙaramin zaɓi ba ce: Marsai na iya jefa ka hannun Faransa, Barsalona hannun Spain, Jenowa ko Cibitabekiya hannun Italiya. Ma'aikacin biro a tsakiyar teku bai san wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Zai nuna maka tafiya mafi araha daga Marsai da zuciya ɗaya. Jiragen Karibiyan da ke tashi daga Miyami kuwa, a Disamban 2025 Amurka ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, don haka takardar kamfanin da yawancin jiragensa ke Florida ƙimarta ta ragu ƙwarai a hannunmu, sai dai a yi amfani da ita a tafiyoyinsa na Turai.

Wani tarko ƙarami: in jirgi zai tsaya a Tunis, Kasablanka ko wata tashar Turkiyya sannan ya koma Italiya, ka fita daga Shengen ke nan ka sake shiga. Biza mai shiga sau ɗaya ba ta isa, sai mai shiga da yawa, ko da ka rantse ba za ka taka ƙasa a tashar ba. Tun ranar shiga jirgi ake duba wannan.

Yanzu a kawo alƙalami. Ga misali, mu ƙaddara Alhaji da Hajiya za su yi kwana bakwai daga Barsalona, ɗaki mai taga, Yuro 900 kowannensu. Yuro 1,800 ke nan, a kan sefa 655.957 kowane Yuro ya kama miliyan ɗaya da jaka 181. Ladan ma'aikata da ake ɗorawa kullum, wajen Yuro 12 ga mutum a dare, ya kama jaka 110. Biza biyu jaka 118. Mu ce tikitin jirgin sama ta Kasablanka ko Istambul jaka 600 kowa, miliyan ɗaya da jaka 200. Otal na dare ɗaya da inshora mu sa jaka 100, domin mai hankali ba ya sauka ranar da jirgin ruwa zai tashi: jinkirin awa huɗu a Kasablanka ya isa ya sa ka hango hayaƙinsa daga tasha. Jimla wajen miliyan 2 da jaka 700. In gyaran da aka yi musu Yuro 100 ne, jaka 65 da ƴan canji ke nan, bai kai kashi 3 cikin 100 na tafiyar ba. Tikitin jirgin sama shi kaɗai yana iya motsawa fiye da haka tsakanin Talata da Juma'a. In kuma kafin alƙalaminsu Yuro 200 ne wanda ba a mayarwa, sun sa jaka 131 a bakin rijiya don su ci 65.

Gyaran kansa ma sai an duba shi da kyau. Ba kuɗi ba ne da za ka zare ka sa aljihu, abin da ka rage ranar sauka ya tafi. An ƙirƙiro shi ne don ya koma cikin jirgi, kuma inda ake kashe shi da sauri shi ne mashaya da ɗakin caca. Wanda ba ya shan giya, ba ya caca, sai ya karkata shi ga intanet, yawon gari a tashoshi, wankin kaya, hotuna ko gidan abinci na musamman. Ka tambaya ko ana iya biyan ladan ma'aikata da shi, domin a wasu kamfanoni ana yi, a wasu ba a yi. In ana yi, gyaran ya zama kuɗi na gaske tunda dole ne ka biya wannan lada. In kuma tayin ya zo da sigar abin sha kyauta, ka nemi a musanya maka, in ba haka ba an ba ka takalmin da ba ƙafarka ba.

Irin kuɗin da za a rubuta cinikin da shi ma abin lura ne, kuma nan muna da sa'ar da maƙwabtanmu masu naira ba su da ita. Sefa a ɗaure take da Yuro, saboda haka farashin da aka yanka maka da Yuro yau shi ne na baɗi. Dalar Amurka kuwa yawo take: a Satumban 2022 ta haura sefa 680, a tsakiyar 2025 ta sauko ƙasa da 570. Mai cikon dalar Amurka 2,000 a kansa, wannan tazara ta fi jaka 200. In akwai zaɓi, ka ɗauki Yuro. Sai dai sau da yawa ba kai ke zaɓa ba, domin cinikin cikin jirgi yakan bi sawun na farko: ƙasar da aka saya maka tikiti, kuɗinta, da ajans ɗin tafiye-tafiyen da ya saya. In ɗanka ne da ke Liyon ya saya ta wani ajans na can, sabon cinikin ma yana iya faɗawa hannunsu da sharuɗɗan kasuwar Faransa. In kana so ka mayar da shi ga wani ajans, wa'adin gajere ne, a wasu kamfanoni kwana 30.

Katin banki kuma. Mayar da kuɗi kan katin da aka biya da shi ake yi. Katunan da muke lodawa don tafiya wa'adinsu kan ƙare, wasu mu jefar da su da zarar mun dawo. Takardar shekara biyu ko huɗu takan fi katin tsawon rai, ran da za a mayar da kuɗin sai a tarar babu inda za su sauka, a shiga aike-aiken wasiƙa tsakanin banki da kamfani. Ka biya da katin da ke jingine da asusunka na dindindin. Ka kuma tuna bankuna na sa iyakar abin da kati zai kashe a waje, jirgi kuma ya riga ya riƙe wani abu a kansa tun ranar shiga. Kafin alƙalamin da aka ɗora a daren ƙarshe shi ne yakan sa kati ya ƙi, mutum ya kwana yana layi a teburin karɓar baƙi.

To yaushe ne abin yake da riba? Akwai lokuta, ba zan rage musu komai ba. Iyali mai yawa su ne na farko. Ɗakunan da ke ɗaukar mutum biyar, da masu ƙofa a tsakani, kaɗan ne a kowane jirgi, kuma su ke fara ƙarewa a Yuli da Agusta, daidai lokacin da yaranmu ke hutun makaranta. Mai mata da ƴaƴa shida da ke son ɗakuna a jere, kama su shekara guda kafin lokaci ya fi masa kowane gyara. Ya dai tuna kowane ɗaki sai da babba a rubuce a cikinsa. Na biyu, wanda ke da biza mai shiga da yawa ta shekara biyu ko fiye, ko katin zama a Turai: shi matsalar da na daɗe a kanta ba ta shafe shi ba, ya kama rana abinsa. Na uku, wanda ya tabbata zai sake tafiya da kamfanin nan, kuma takardar buɗaɗɗiya ce ko ana mayar da kuɗinta. Ragin kashi 10 a tafiyar dalar Amurka 5,000 ya kama 500, wannan ba abin rainawa ba ne.

Akwai kuma wata riba da ba a rubuta a takardar talla ba: kana cikin jirgin, gani ya kori ji. In tafiyar gaba a wannan jirgi ne ko ɗan'uwansa, ka hau ka sauka da ƙafarka ka duba. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya yana jin jan kujeru tun asuba, wanda ke saman gidan rawa ba ya barci sai biyun dare. Mai jiri ya nemi tsakiyar jirgi a hawan ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi. Ka rubuta lambobin ɗakunan da suka yi maka, ka kai biro. Amma in an ce maka farashin na ɗakin da kamfani zai zaɓa maka ne daga baya, wannan ribar ta tafi, domin araharsa ke nan: duk inda ya rage nan za a sa ka.

Kalandar da ke kan kwamfutar ma'aikacin ba ta san azumi ba. Watan Ramadan na matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2027 zai kama wajen 8 ga Fabrairu, Sallar Layya kuma tsakiyar Mayu. Lokacin jiragen Dubai da Abu Dabi daga Disamba ne zuwa Maris, ke nan azumi na tsakiyarsa a shekarun nan. Bahar Rum tana cika daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke tafasa, farashi ya fi na Agusta sauƙi, sai dai a kauce wa makon Layya. Ga ango da amarya kuma wata magana: kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya shiga mako na 24, jariri kuma a yawancinsu sai ya kai wata 6. Ranar da aka kama wata 14 kafin lokaci, Allah kaɗai ya san abin da zai zo a tsakani.

Su ma kamfanonin ba dutse ba ne. A farkon 2024 an soke ko an karkatar da tafiyoyi da dama da za su bi ta Bahar Maliya saboda hare-haren da ake kai wa jirage. Pullmantur ya durƙushe a 2020, Crystal Cruises a farkon 2022, da kuɗin fasinjoji a hannu. Shi ya sa ko tayin ya yi daɗi, sayen takarda huɗu ko shida a zama ɗaya don gyara ya ƙaru ba dabara ba ce. Ɗaya ta isa, biyu in ɗaki biyu kuke kamawa.

In ka yanke za ka je biron, kar ka bari sai daren ƙarshe. Ka je rana ta biyu ko ta uku, ko ranar da jirgi ya tsaya a tasha kowa ya fita, ka sa suna a takardar randebu. A zaman farko kar ka biya komai. Ka karɓi farashi a rubuce, da lambar ɗaki, da haraji da kuɗin tasha a ciki, ka ɗauki hotonsa ka tura wa ajans ɗinka ta WhatsApp, ka kuma duba shafin kamfanin da kanka. Yawanci farashin ɗaya ne da na waje, gyaran ne kawai bambanci, kuma wani ajans yana da ragin rukuni da ya fi shi. Sannan ka koma da tambayoyinka, a nuna maka amsar kowacce a rubuce: ana mayar da kafin alƙalami, har zuwa yaushe, kuma ana cire gyaran da na riga na kashe? Nawa ne tarar canza rana ko jirgi? In farashi ya faɗi bayan wata uku, za a rage mini ba tare da gyaran ya zube ba? Ana haɗa wannan tayi da wani ragi, kamar kashi 5 na ƴan MSC Voyagers Club, ƙungiyar fasinjojin MSC masu yawan dawowa? Zan iya ba ɗan'uwana takardar in ban samu zuwa ba? Ka tambaya har ko tayin na ci gaba da aiki ƴan kwanaki bayan sauka, domin in haka ne sai ka dawo gida ka yi shawara da iyali a tsanake.

Sai suna. Ka miƙa fasfo a kwafa harafi bayan harafi, kar ka faɗa da baki. Mahamadou, Mamadou da Mohamed mutum uku ne a wurin kwamfuta, kuma sunayenmu na yanka da na uba sukan juye, a sa na uba a gurbin naka. Gyaran harafi ɗaya kyauta ne a teburin nan, bayan an fitar da tikiti kuwa yana iya zama canjin fasinja mai tara. Ka duba ranar ƙarewar fasfon ma: kamfanoni na neman ya rage wata 6 bayan ranar dawowa, in za ka sabunta shi kafin tafiya sai ka aika musu sabuwar lamba. Kar ka tashi daga kujerar sai saƙon tabbaci ya shigo wayarka da lambar ciniki, adadin gyara, ranar cikon kuɗi da ranar da takardar za ta mutu. Waɗannan ranaku biyu ka sa su a kalandar waya nan take, ka ƙara ta uku: wata 6 cif kafin tashin jirgi, ranar da za ka iya shigar da takardun biza.